Yaron Da Ba Ya Waiwayowa In An Kira Shi: Bayani Ga Iyaye Game Da Lalurar Otizim

A kusan kowace unguwa ta ƙasar nan, tun daga Sakkwato har Kalaba, akan sami wani yaro wanda jama'a suka kasa gane kansa. Kunnensa lafiya lau, domin ko a ɗaki na biyu aka buɗe ledar biskit zai ji ya taho, amma uwarsa za ta kira sunansa sau biyar bai waiwayo ba. Ya shekara uku bai ce "Inna" ba, ko kuwa ya fara faɗa, sa'an nan ya daina. In an ba shi motar wasa ba zai tura ta ba, sai ya kife ta, ya yi ta juya tayarta yana kallo. Wasu su ce miskili ne, wasu su ce sangarta ce, wasu kuma su sassauta murya su ce da iska a jikinsa. An rubuta wannan ɗan littafi domin iyayen irin wannan yaro, da malamansa, da maƙwabtansa, su san abin da ke damunsa, su kuma san abin da za su iya yi masa tun daga yau, da abin da ke hannunsu.

Mene Ne Otizim?

Likitoci suna kiran wannan lalura otizim. A gidajen rediyo akan ji an fassara ta da galahanga, amma a bakin jama'a wannan kalma takan haɗa yara masu lalurori iri-iri waɗanda ba su da dangantaka da juna, saboda haka muka ga ya fi kyau mu bar mata sunan da iyaye za su ji a asibiti.

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ta ginu, kuma yana farawa tun yaro yana ciki. Yakan bayyana ta fuska biyu. Ta farko ita ce hulɗa da mutane, watau haɗa ido, da magana, da nuni da yatsa, da gane abin da ke zuciyar wani daga fuskarsa. Ta biyu ita ce maimaita abu ɗaya, da son kome ya tafi yadda aka saba ba canji, da jin ƙara ko haske ko taɓi fiye da yadda sauran mutane ke ji, ko kuwa ƙasa da haka. Ba a ɗaukarsa ta cuɗanya. Nauyinsa kuma ba ɗaya ba ne: wani yaron zai yi karatu har jami'a, wani kuwa zai girma da 'yan kalmomi kaɗan, yana bukatar mai kula da shi muddin ransa.

Wani likita mai suna Leo Kanner, na asibitin Johns Hopkins a Amurka, shi ne ya bayyana lalurar a 1943, bayan ya yi nazarin yara 11. An daɗe ana zaton ta Turawa ce kawai, har wani masani, Victor Lotter, ya duba yara a wasu ƙasashen Afirka, ya buga a 1978 cewa a nan ma akwai ta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da ita, kuma an fi gano ta ga maza. In aka bi wannan lissafi, firamare mai yara 600 ya kamata a ce tana da kamar 6. In ba a gan su a aji ba, to, suna gida a ɓoye.

Laifin Wa?

Ba laifin kowa ba ne. A 1977 masana biyu a Ingila, Susan Folstein da Michael Rutter, sun duba tagwaye kashi 21 waɗanda aƙalla ɗaya daga cikin kowane biyu yana da otizim. A cikin tagwaye masu kama ɗaya kashi 11, an sami 4 inda duka biyun suke da lalurar. A cikin kashi 10 marasa kama ɗaya ba a sami ko ɗaya ba. Daga nan aka gane gado yana da babban hannu a ciki. Wani bincike na 2019, wanda ya haɗa yara wajen miliyan 2 a ƙasashe 5, ya kai rabon gado kimanin kashi 80 cikin 100. Gadon kuwa yana iya fitowa ta wajen uba, yana iya fitowa ta wajen uwa, wani lokaci kuma sabon canji ne da ya faru ga yaron shi kaɗai. Haihuwar bakwaini da tsufan iyaye suna ɗan ƙara yiwuwarsa.

Turawa ma sun yi nasu kuskuren. Tsakanin 1950 da 1970 wasu masanansu sun ɗora wa uwaye laifi, wai rashin nuna ƙauna ne ya sa yaro ya janye jikinsa. Mata da yawa sun sha baƙin ciki a banza kafin a tabbatar ba haka ba ne. Mu a nan abin yakan faɗa kan kishiya, ko wata tsohuwa maƙwabciya, ko a ce uwar ta yi yawon magariba da ciki. Aure nawa ya mutu a kan irin wannan zargi, yaron kuwa bai ƙaru da kome ba.

Sai maganar allura. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya buga cewa allurar rigakafin ƙyanda, wadda ake haɗawa da wasu biyu, tana da alaƙa da otizim. Daga baya an gano akwai maguɗi a aikin. A 2010 mujallar ta janye rubutun, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci. A 2019 aka buga binciken yara fiye da 650,000 a ƙasar Denmak, ba a ga wata alaƙa ba. Abin da ke ruɗin iyaye shi ne alamun otizim sukan fito fili a shekarun da ake kai yara allura. A kai kowane yaro rigakafinsa, har mai otizim da ƙannensa.

Kada A Jira

Maganar da ta fi cutar da waɗannan yara ita ce, "Ku ƙyale shi, kawunsa ma sai da ya shekara biyar ya yi magana." Ta yiwu gaskiya ne game da kawun. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar koyo. A kai yaro a duba shi in ya cika shekara ɗaya ba ya amsa sunansa, ba ya gwalangwaso, ba ya ɗaga hannu a ɗauke shi. In ya kai wata 16 ba kalma ko ɗaya. In ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi. In ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu. Ko kuwa a kowane lokaci in ya rasa maganar da ya riga ya iya. A lura da nunin yatsa musamman. Yaro yakan ga jirgin sama ya nuna, sa'an nan ya dubi uwarsa ya ga ko ta gani. Mai otizim galibi ba ya yin wannan, sai dai ya ja hannun babba ya ɗora a kan abin da yake so.

A fara da asibitin da ke kusa, a nemi a gwada kunnen yaro tukuna, sa'an nan a roƙi takardar zuwa wajen likitan yara. Asibitocin koyarwa na Kano, da Shika a Zariya, da Sakkwato, da Maiduguri, da Jos, da Ibadan, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, duk suna da sashen yara. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Yaba ta Legas, da Aro ta Abekuta, da Inugu, da Binin, da Kalaba. Kada sunan asibitin ya tsorata kowa, otizim ba hauka ba ne. Ba a gano shi ta gwajin jini ko hoton kai. Likita yana lura da yaro ne, yana yi wa iyaye tambayoyi, kuma ƙwararre yana iya ganewa tun yaro yana shekara 2.

Gida Ne Makarantar Farko

Ƙwararrun masu koyar da magana kaɗan ne a ƙasar nan, yawancinsu kuma suna manyan birane. Ko an same su, sa'a ɗaya ce a mako, sauran sa'o'in duk yaro yana hannun mutanen gida. Wannan ba abin karya zuciya ba ne. A 2010 masana a Ingila sun buga sakamakon wani gwaji da yara 152 'yan shekara 2 zuwa 4, inda iyaye aka koyar maimakon yaran: akan ɗauki hotonsu na bidiyo suna wasa da yaro, sa'an nan su zauna da ƙwararre su ga wuraren da yaro ya yi yunƙurin isar da saƙo ba su lura ba. Da aka sake duba yaran bayan wasu shekaru, aka buga sakamakon a 2016, sai aka tarar nauyin alamun ya ragu gare su fiye da waɗanda iyayensu ba su sami horon ba. Ba su warke ba, amma sun ci gaba. An gwada irin wannan a Gowa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba suka koyar da iyaye, hulɗar yara da iyayensu ta kuma gyaru. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da nata shirin na horar da masu reno, don yara 'yan shekara 2 zuwa 9, mai zaman aji 9 da ziyarar gida 3, wanda aka gwada a Habasha da Kenya.

Tushen dukan waɗannan ɗaya ne: a bi yaro zuwa inda hankalinsa yake. Mu ɗauka ga yaro, mu kira shi Audu, ba abin da yake so sai jera murafen kwano a tsakar gida. Uwa ta saba ƙwace su ta miƙa masa ƙwallo, shi kuma ya fashe da kuka. Yanzu sai ta zauna a tabarma daura da shi, fuskarta daidai da tasa, ta ɗauki murfi ɗaya ta ajiye a ƙarshen layinsa, ta ce, "Murfi." Shi ke nan, ba dogon zance. Gobe ta tara murafen a cinyarta, ta miƙa masa ɗaya, sa'an nan ta riƙe na biyu kusa da fuskarta ta yi shiru, ta ƙirga goma a zuciyarta. In ya dube ta, ko ya miƙo hannu, ko ya yi wani ɗan sauti, to, ya yi magana ke nan da irin harshensa, nan take ta ba shi, ta ce, "Murfi! Ungo." Wannan shirun na ƙirga goma shi ne ya fi wuya ga iyaye, gama mun saba cika wa yaro baki da tambaya, "Ce Baba, ce Baba, ba ka ji ba ne?" Yaro mai otizim yana bukatar lokaci kafin magana ta isa inda za ta isa.

Haka za a yi wajen wanka, da shan koko, da cakulkuli, da lilo. A yi masa cakulkuli sau biyu, a ɗaga hannu a dakata, har shi ya nemi na uku. Kada a ajiye masa kome a inda zai ɗauka ba sai ya nemi kowa ba. A sa ƙosan a inda yake gani amma hannunsa ba ya kaiwa. Ba a ce a wahalar da shi ba, in ya yi ƙoƙari ko yaya ne a ba shi. Ƙa'idar magana kuwa ita ce babba ya wuce yaro da taki ɗaya kawai: in ba ya magana, a yi masa kalma ɗai-ɗai; in yana faɗin "ruwa", a ce "sha ruwa". Minti goma sau uku ko huɗu a yini ya fi sa'a biyu a zama ɗaya ana kokawa.

Yaron da magana ta ƙi zuwa, a ba shi wata hanya. A ɗauki hoton kofinsa, da buta, da abincin da yake so, da ƙofar gida, a wanke su a manna a kwali, a koya masa miƙa hoto ya karɓi abin. Tun 1985 ake amfani da wannan dabara a Amurka. Wasu iyaye suna tsoron kada hoto ko alamar hannu su hana shi magana. Bincike bai nuna haka ba. Haka nan Hausawan da ke zaune a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Fatakwal, inda yaro ke jin harshe biyu ko uku, sau da yawa akan ce musu su bar Hausa su riƙe Ingilishi kawai. Ba a ga shaidar cewa harshe biyu yana ƙara wa mai otizim jinkiri ba. Uwa ta yi wa ɗanta harshen da ya fi sauƙi a bakinta, wanda kakarsa ma za ta iya yi masa. Wayar hannu kuwa, ko da yake tana sa shi ya yi shiru, tana cinye lokacin da zai yi yana kallon fuskar mutum, sai a taƙaita.

Ayyukan kai, kamar sa wando, da wanke hannu, da zuwa bayan gida, a gutsuttsura su. Wajen sa wando, uwa ta yi kome ta bar masa jan ƙarshe zuwa ƙugu. In ya iya wannan, ta bar masa daga gwiwa. A haka har ya zama shi ke yi duka. Yini kuma ya kasance da tsari sananne, kuma in za a canja wani abu, kamar tafiya ko baƙi, a gaya masa tun da wuri, a nuna masa hoto.

In Ya Birkice

Yaro yakan faɗi ƙasa yana ihu, yana dukan kansa ko cizon hannu, mutane su taru su ce rashin kwaɓa ne. Galibi abu ne ya fi ƙarfinsa, ba shi kuma da bakin faɗi. Ƙarar injin niƙa, ko janareto, ko amsa-kuwwar gidan biki, tana iya zame masa kamar ana soka masa tsinke a kunne. Wani lokaci ciwon haƙori ne, ko na kunne, ko taurin bayan gida, wanda ke yawan damun waɗannan yara. A janye shi zuwa wuri mai shiru, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a rage magana, a jira. Bayan ya huce a tambayi kai: me ya faru kafin ya fara? Duka ba ya koya masa kome sai tsoron mai dukan. Kaɗa hannu da rangaji kuwa, da su yake kwantar da hankalinsa. In ba sa cutar da kowa a bar shi.

Abu biyu suna iya kai ga rasa rai. Na farko ficewa daga gida: wani bincike a Amurka a 2012 ya nuna wajen rabin yaran sun taɓa yunƙurin sulalewa, kuma da yawa ruwa yana jan hankalinsu. A rufe rijiya da murfi mai kwaɗo, a rufe randa da duro, a sa sakata sama inda ba ya kaiwa, a kuma sanar da maƙwabta da masu shagon unguwa, a sa lambar wayar uba a jikin rigarsa. Yaron da aka ɓoye, ranar da ya ɓace ba wanda zai san na wane gida ne. Na biyu farfaɗiya, wadda ta fi yawa ga masu otizim. In ta tashi a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa cokali ko wani abu a bakinsa, a kuma kai shi asibiti, gama tana da magani.

Otizim kansa babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke kawar da shi. Likita yana iya ba da magani don farfaɗiya, ko rashin barci, ko fushi mai tsanani, iyakarta ke nan. Duk wanda ya ce zai warkar da shi cikin mako kaza in an biya kaza, kuɗin yake so. A 2005 wani yaro ɗan shekara 5 ya mutu a Amurka ana yi masa ƙarin ruwan wani magani wai don a wanke masa jini. Addu'a abu ne mai kyau, ba ta kuma hana zuwa asibiti. Amma turara hayaƙi a ɗaki rufe, da bulala da sunan fitar da iska, da ɗaurewa da mari, zalunci ne, doka kuma ta hana.

Makaranta Da Sana'a

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna bambanci ga masu naƙasa. Ta ba su haƙƙin ilmi kyauta har sakandare, ta umarci makarantun gwamnati su karɓe su tare da sauran yara, ta kuma yanka tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna musu bambanci, da Naira miliyan 1 ga kamfani. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa, wadda za a iya kai wa ƙara. Kowa ya san tsakanin takarda da aji mai yara 80 akwai tazara, amma uban da ya san dokar ba a sallamarsa da sauƙi daga ofishin hedimasta.

Abin da ake roƙo ga malami bai fi ƙarfinsa ba: ya zaunar da yaron gaba, nesa da taga, ya ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ya haɗa shi da wani yaro mai haƙuri, ya tsawata wa masu tsokana. Wasu daga cikinsu suna da ƙarfin hadda na ban mamaki, amma hayaniyar karatu da ƙarfi takan gigita su, sai a ba su gefe. Tura irin wannan yaro karatu wani gari, nesa da masu gane nufinsa, haɗari ne babba.

Yaro na farko a cikin 11 na Kanner, Donald Triplett, ya yi karatu har kwaleji, ya yi aikin banki a garinsu a jihar Misisifi shekaru masu yawa, yana tuƙa motarsa, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Mutanen garin sun san shi, sun kuma riƙe shi. Temple Grandin, wadda aka haifa a 1947, ta wuce shekara 3 ba ta magana, ta zama shehiyar malama a ilmin dabbobi, ta kuma tsara shingayen kora shanu da ake amfani da su ko'ina a Amurka. Ba kowane yaro ne zai zama haka ba, kuma kada a sa iyaye jiran wata baiwa ta musamman. Amma son maimaita aiki da lura da ƙananan abubuwa suna da amfani a ɗinkin hula, da saƙa, da kiwo, da gyaran waya, da jera kaya a kanti. A fara tun yana shekara 10 ko 12, kusa da wani ɗan'uwa mai sana'a. 'Ya mace kuma a koya mata sha'anin al'ada kafin ta zo, a koya wa mace da namiji duka wuraren jikinsu da ba a yarda kowa ya taɓa ba, domin wanda ba ya iya kai ƙara shi mugu ke nema.

Duk wannan aiki in an bar wa uwa ita kaɗai za ta gaji, gajiyayyen mutum kuwa ba ya iya ƙirga goma ya jira. Maigida ya ɗauki nasa rabon, ko da tafiya da yaron ce zuwa bakin titi kowace la'asar. Yayye su koyi wasan murfi. Dangi su zauna tun iyaye suna da ƙarfi su shirya wanda zai riƙe shi nan gaba. A sayi ɗan littafin rubutu, a riƙa sa kwanan wata da kowace sabuwar kalma, da kowace birkicewa da abin da ya gabace ta, da sa'o'in barcinsa. Ranar zuwa asibiti a tafi da littafin, da katin rigakafinsa, da gajeren bidiyo na yadda yake wasa a gida, domin a gaban likita yaro ba kullum yake nuna halinsa ba.